Kawu Guduma da Tayar Ciki

Kawuna, yayan mahaifiyata, direba ne, amma in ka ce masa direba kawai ka tsaya, to ka rage masa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan motar asibitin tafi-da-gidanka, wata ƙatuwar mota mai taya shida, biyu a gaba huɗu a baya, wadda ke kai ma'aikatan lafiya ƙauyukan da kwalta ba ta san da zamansu ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma shekaru bakwai na ƙarshen tuƙinsa a bayansa nake zama, tsakanin firjin alluran rigakafi da akwatin magunguna, gwiwata na dukan ƙarfe a duk ramin da muka faɗa. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, ina wurin.

Ba shi da gona, ba shi da shago, bai iya zaman hira a ƙofar gida ba. Sitiyarin nan shi ne duniyarsa. Ranar da babu tafiya, sai ka same shi a gareji ya zauna a kujerarsa ta direba yana goge madubin da babu ko ɗigon ƙura a kansa. Matarsa kan ce in an raba shi da motar nan, sai dai a nemo masa gado a asibiti.

Guduma ake kiransa, saboda wata 'yar guduma mai ƙotar itace da ke ƙarƙashin kujerarsa, ƙotar ta yi baƙi ta yi santsi don riƙo. Duk inda muka tsaya, kafin ya sha ruwa, kafin ya amsa gaisuwar kowa, sai ya zagaye motar ya bugi kowace taya sau biyu, ya karkata kai yana saurare. Ya ce taya mai lafiya "tam" take amsawa, wadda iskarta ta ragu kuwa "dum" take cewa, kuma tsakanin tam da dum akwai muryoyi sun fi goma, duk ya san su.

Aikin nan ba ado ba ne. Tayoyin baya tagwaye ne, biyu-biyu a kowane gefe, kusa da juna. Ta waje kowa na ganinta. Ta ciki kuwa a ɓoye take, kuma ko iskarta ta ragu ba za ta nuna ba, don 'yar'uwarta na ɗauke mata nauyi. In kana son sa mata gejin awon iska, sai ka kwanta a ƙasa ka zura hannu ta ramin wili kana lalubar bawul, bakin da ake ba ta iska. Kawu bai taɓa kwanciya don wannan ba. Ya zura guduma, ya buga, ya saurara, shi ke nan. Mu kuma da ke ciki, da mun ji ya ce "lafiya lau", sai kowa ya gyara zama hankali kwance.

Son da yake wa tagwayen taya yana da tushe. A shekararsa ta biyu da fara aiki, ya ɗauko wani manomi da maciji ya sara, tayar baya ta waje ta fashe a kan duwatsu. Bai tsaya ba. Ta ciki ce ta ɗauke su a hankali har bakin kwalta, mutumin ya rayu. Tun daga ranar, wanda duk ya kushe tagwaye a gaban Kawu ya taro wa kansa yini guda.

Mutum ɗaya ne bai gaji da tarowa ba, wato Mai Faci, abokinsa, wanda rumfarsa ke jikin katangar garejinmu. Gajere ne mai ƙaton ciki, hannunsa kullum baƙi ƙirin, bakinsa kuma ba ya hutawa. Shi ɗan goyon bayan taya ɗaya-ɗaya ne, manya masu faɗi, gaba da baya duk iri guda. Shekara talatin suna wannan musu a kan benci ɗaya, kofin shayi a hannu, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya kawo sabuwar hujja ba.

"Tagwayenka ɓarayin duwatsu ne," in ji Mai Faci. "Duk dutsen da suka taka sai sun cusa shi tsakaninsu, ya zauna yana cin gefensu. Ni nake facinsu, ni na san abin da nake gani."

"Taya ɗaya in ta fashe, ina 'yar'uwarta?" Kawu zai ce. "Sai ka zauna a daji kana ƙirga tsuntsaye."

"A yashi fa? Tayar gaba ta buɗe hanya, maimakon ta baya ta bi sawunta, sai tagwayenka su ce su tasu za su haƙa. Aiki biyu, shan mai biyu. Ɗaya-ɗaya kuwa ka rage musu iska su baje a kan yashi, ka wuce abinka. Gwada rage wa tagwaye iska ka gani, gugar juna za su yi har su yi zafi."

"Kaya fa, mutumina? Tankin ruwa, firji, janareta, mutum takwas, har da wannan nas ɗin tawa da ba ta wasa da cikinta?"

Nan zan ce, "Kawu, ni me ya kawo ni cikin rigimarku?" Su kwashe da dariya, su koma farko. Gaskiyar magana, kowannensu na da gaskiya, shi ya sa musun ya ƙi mutuwa.

Abin da ban lura da shi ba, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, shi ne muryar Mai Faci ta yi ta ƙara ƙarfi shekara bayan shekara. Na ɗauka zafin musu ne. A gida kuma rediyon Kawu ya koma ana jin sa daga bakin titi. Matarsa ta yi ta ƙorafin tana magana yana yi mata kunnen uwar shegu, mu kuwa muna yi mata dariya muna cewa ai tsufa ne ya zo da taurin kai. Ni da nake leƙa kunnen yara ɗari a wata da fitila, ban taɓa tunanin leƙa na kawuna ba. Ya iya kallon bakin mai magana, ya iya gyaɗa kai a daidai wurin da ya dace, kuma mu duka mun riga mun yanke cewa kunnensa ya fi na kowa.

Ranar da abin ya faru, mun haye wani busasshen rafi mai duwatsu da hantsi. Da muka hau ƙasa mai tauri sai na fara jin wani sauti daga ƙarƙashina, ƙwas, ƙwas, ƙwas, yana bin juyawar taya. Na dubi mai haɗa magani da ke kusa da ni, na ga shi ma ya kasa kunne. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Da wani abu ne, da Guduma ya tsaya." Na ce haka ne. Mu bakwai ne a baya, kunnuwa goma sha huɗu masu lafiya, duk mun ji, babu wanda ya buɗe baki ya gaya masa. Wa zai gaya wa Guduma taya na ƙara?

Da azahar muka tsaya a inuwar wata bishiya. Ya sauka, ya zagaye, ya buga, ya karkata kai kamar kullum, ya ce lafiya lau.

Ba mu yi awa ɗaya ba sai warin roba mai zafi ya cika motar. Muna kan gangara, kwazazzabo na hannun hagu. Ƙara ta tashi kamar an harba bindiga, kafin mu dawo hayyacinmu ta biyu ta biyo. Bayan motar ya zame ya nufi bakin ramin. A nan na ga shekara talatin na aiki. Kawu bai danne birki ba, bai fizgi sitiyari ba, ya sauke giya ya bi motar a hankali yana lallashinta, har ta tsaya, tayar da ta fashe saura taku biyu ta bar ƙasa. Babu wanda ya ji rauni sai mai haɗa magani da ya fasa leɓe a jikin firji.

Kawu ya kwanta a ƙarƙashin motar, karon farko da na taɓa ganin haka. Ya fito da dutse kamar dunƙulen hannu, gefensa ya goge ya yi sheƙi. Tun daga rafin nan ya maƙale tsakanin tagwayen, ya huda ta ciki tana sacewa kaɗan-kaɗan, ta waje ta ɗauki nauyin biyu har ta gaza. Ya daɗe yana kallon dutsen, sannan ya sa shi a aljihu. Safaya ɗaya gare mu. Ya ɗaura ta ita kaɗai a gefen, muka mayar da kaya ɗaya ɓangaren, muka rarrafa. Da muka isa ƙauyen, rabin matan da suka taho da jariransu tun safe sun gaji sun koma gida.

A rahoto aka rubuta dutse ne, kuma ba ƙarya aka yi ba. Kowa yabonsa yake yi a kan yadda ya tsayar da motar. Shi kuwa tun daga ranar bai ƙara yin musu da Mai Faci ba, sai ya zauna a benci shayinsa ya huce a hannu.

Bayan wata biyu, Likita, shugabarmu, ta sanar cewa an amince a sauya mana mota. Masu haɗa ta sun aiko da tambaya ɗaya: tayoyin baya tagwaye za a sa, ko ɗaya-ɗaya? Ta ce, "Wannan ba tambayata ba ce, ta Baba Guduma ce, tunda shi zai ja ta. Ranar Alhamis ya gaya mana." Kowa ya yi dariya, don an san amsar tun shekara talatin da suka wuce.

Ranar Laraba da la'asar na je rumfar Mai Faci in kira Kawu, na tsaya bayan tulin tsofaffin tayoyi da na ji suna magana. Ba laɓe na yi niyya ba, amma hirar da ake yi da ihu ba ta buƙatar laɓe. Dutsen nan na kan benci a tsakaninsu.

"Ka san abin da ya faru," in ji Kawu.

"Na sani tun bara waccan!" Mai Faci ya ce da ƙarfi. "Kana tsammanin son ƙasa ne ke sa ni kwanciya a ƙarƙashin motarka da geji duk safiyar da za ku tashi? Da wannan cikin nawa? Amma dutsen hanya ba ni da iko da shi."

Kawu ya sunkuyar da kai.

"Saurara, ko kuma dubi bakina," in ji Mai Faci. "Gobe ka ce ɗaya-ɗaya. Ka ce na kayar da kai a musu. Zan yi wata guda ina yi maka tsiya, kowa ya yarda. Taya ɗaya ido ke duba ta, ga ta a fili, ga bawul a waje, ka sa geji kana tsaye. Babu ta ciki, babu dutse. Ka ci gaba da tuƙinka, babu mai sani sai ni da kai."

A nan na gane Kawu ba ya ji. Duk abubuwan da na ƙi gani suka jeru a gabana, rediyo, ƙorafin matarsa, karkata kan nan. Zan faɗi gaskiya a kan kaina: so na yi ya karɓa. Na san ƙa'idar aikinmu, direban da ba ya ji ba ya jan motar da ke ɗauke da mutane. Na kuma san abin da sitiyari yake a wurinsa. Na juya na tafi ban kira shi ba, na ƙudurta a raina ni ma bakina ƙanin ƙafata.

Ranar Alhamis da safe muka taru a ɗakin taro, ɗakin da fankarsa ke kuka fiye da yadda take ba da iska. Hotunan motocin biyu na kan tebur. An gayyato Mai Faci don shi zai riƙa kula da tayoyin, ya wanke hannu har ana ganin launin fatarsa. Kawu ya shigo cikin kaya masu guga, ya ajiye guduma da dutsen a gabansa.

Likita ta ce, "To, Baba Guduma, kodayake mun san amsa."

Ya ce, "Ɗaya-ɗaya, ranki ya daɗe."

Aka fashe da dariya. Mai Faci ya miƙe ya fara wasan da ya shirya, yana bugun ƙirji. "Shekara talatin! Jama'a ku shaida! Yau na kayar da..."

Kawu ya ɗaga hannu. "Zauna, mutumina. Na gode, amma zauna."

Ya juya ga Likita. "Bai kayar da ni ba. Har gobe tagwaye sun fi ɗaukar kaya, kuma a kan kwalta babu kamarsu. Amma tagwaye sai da kunne, ni kuwa nawa ya tafi. Shekara biyu ke nan ina buga guduma ina karkata kai, abin da hannuna ya ji kawai nake gaya muku. In taya ta sace gaba ɗaya, hannu na ganewa. In rabi ce, sai kunne. Wannan dutsen ya yi awa uku yana ƙara a ƙarƙashin 'yar ƙanwata, ban ji ba."

Mai Faci ya koma ya zauna yana kallon tafin hannunsa.

"Taya ɗaya za ta rufa mini asiri a kan taya," Kawu ya ci gaba. "To inji fa? Shi ma magana yake yi. Birki na magana. Wanda ke bayana in ya ce tsaya, magana ce. Mutum bakwai nake ɗauka a bayana, kuma don sun yarda da kunnena suka daina yarda da nasu. Ba zan iya kwana da wannan ba." Ya tura dutsen tsakiyar tebur. "Ku sa ɗaya-ɗaya. Duk wanda za ku ɗauka ba shi da irin kunnen da nake da shi a da. Ku ba shi tayar da zai gani da idonsa."

Ko a cikin wannan hali sai da ya yabi kansa, kuma wallahi ya cancanta. Ni dai kuka nake, ban damu da wa ke kallo ba. Rabi tausayi ne, rabi kuma kunya, don mutumin da zai rasa komai ya faɗi abin da ni, da ba zan rasa komai ba, na yi niyyar ɓoyewa.

Likita ta tashi ta zagayo ta tsaya a gabansa, inda zai ga bakinta, ta ce, "Baba, za mu gwada kunnen tukuna."

An gwada. Ɗaya ya kusa mutuwa gaba ɗaya, wanda ya sha ƙarar inji da iskar taga shekara talatin, ɗayan saura rabi. An ba shi na'urar ji, ta taimaka a ɗaki, har matarsa ta ce ashe mijinta na da ladabi. Amma a cikin mota sai ta tara masa ƙarar inji ta zuba masa a ka, ba ya bambanta komai. Ƙa'ida ta yi aikinta. Motar da ya zaɓa ta iso, fara sol, da manyan tayoyinta huɗu, kuma bai taɓa jan ta ko daga gareji zuwa ƙofa ba.

Likita ta ƙi barin sa ya tafi. Ta ce babu taswirar da ta san inda laka ke ɓuya a ƙarƙashin busasshiyar ƙasa, sai Guduma. Aka ɗauki sabon direba, magidanci mai haƙuri, aka ba Kawu kujerar gefensa ya riƙa nuna hanya. Ranar farko ya zagaya ta ƙofar direba bisa sabo, ya kama hannun ƙofar, sannan ya tuna. Ya saki, ya zagayo ta ɗaya gefen. Duk muka yi kamar muna neman wani abu a jaka.

A tafiyar nan muka kai wani faffaɗan yashi inda tsohuwar motar ke kafewa kusan kowace shekara, mu fito da shebur muna haƙa. Sabon direba ya sauka ya rage wa tayoyin iska, ya sa geji yana tsaye, ya hau. Muka haye kamar a kan tabarma. A ɗaya gaɓar Kawu ya ce a tsaya. Ya sauka ya koma baya da ƙafa, na bi shi. Sawu biyu ne kawai a kan yashin, miƙaƙƙu, tayar baya ta taka daidai inda ta gaba ta taka.

Ya daɗe yana kallo, hannayensa a baya. Ya ce, "Kada ki gaya wa Mai Faci."

Na ce, "Kawu, ai shi ne farkon wanda zan gaya wa."

Bai ji ni ba, don bai kalle ni ba. Muka dawo wurin motar, direba ya gama mayar da iska. Kawu ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya ciro gudumarsa. Ya tsaya a gaban tayar baya, ya ɗaga ta, sai ya fasa. Ya miƙo mini.

"Buga, 'yar nan. Sau biyu."

Ƙotar na da ɗumi da santsi a hannuna. Na buga sau biyu. Ya karkata kai kamar yadda ya saba, amma idonsa na kan bakina.

"Me ta ce?"

Na buɗe baki sosai don ya gani. "Ta ce tam, Kawu."

Ya gyaɗa kai, ya juya ga mutanen da ke cikin mota, ya ce, "Lafiya lau. Mu tafi."